Da Taswirar 1898 Ta Tsaya, Da Maraɗi da Ƙonni Suna Cikin Nijeriya

Ranar 8 ga Afrilu, 1904, a birnin Landan, ministan harkokin wajen Ingila Lord Lansdowne da jakadan Faransa Paul Cambon suka sa hannu a kan wasu takardu da suka kawo ƙarshen zaman doya da manja tsakanin daulolinsu biyu. Babban cinikin da duniya ta fi tunawa shi ne Faransa ta bar wa Ingila Masar, Ingila kuma ta kau da kai daga Maroko. Amma can cikin takardun akwai wani ciniki da ya fi shafarmu. Tun 1713 masuntan Faransa ke da iznin sauka a gaɓar tsibirin Niyufanlan, wanda ke cikin Kanada a yau, su shanya kifinsu. Ingila na son a kashe wannan tsohuwar rigima, Faransa kuwa ta ce sai an biya ta. Aka biya ta da tsibiran Los da ke gaban Konakiri, da ɗan yanki a kan kogin Gambiya, da kuma gyaran iyaka tsakanin Kwara da Tafkin Chadi. Wannan gyaran, wanda aka ƙarasa da wata yarjejeniya a watan Mayun 1906, shi ya cire Birnin Ƙonni, Madawa, Tsibirin Gobir, Maraɗi da Magarya daga rabon Ingila ya zuba su cikin rabon Faransa.

Ke nan akwai shekaru shida, daga 1898 zuwa 1904, da a takarda waɗannan garuruwa duk na Ingila ne. Wanda ya tambaya yadda duniyarmu za ta kasance da an bar su a nan, ba mafarki yake yi ba. Taswirar ta wanzu, an sa mata hannu, kuma kaɗan ya rage ta zama ita ce iyakar da muke ƙetarawa yau.

Layin da aka ja ba a ga ƙasar ba

Rabon farko an yi shi ne a watan Agustan 1890. Aka ce a ja layi daga Sayi a bakin Kwara zuwa Baruwa a bakin Tafkin Chadi. Arewa ta Faransa, kudu ta Ingila, da sharaɗin duk abin da yake mallakar daular Sakkwato ya faɗa hannun kamfanin Royal Niger na George Goldie. Hujjar Ingila ita ce wata takarda da Joseph Thomson ya kawo a 1885, wadda kamfanin ya ce Sarkin Musulmi Umaru ɗan Ali ya ba shi iko da ita. A Sakkwato ba haka aka ɗauki maganar ba. Izinin ciniki aka bai wa baƙi. Firaministan Ingila Lord Salisbury da bakinsa ya faɗa a 1890 cewa suna ta raba wa juna duwatsu da koguna da tafkuna alhali ba su san inda suke ba, ya kuma yi wa Faransa shaguɓe cewa rairayi ta samu.

Faransa ta aiko Parfait-Louis Monteil ya gane wa idonsa. Ya bi ta Sayi, ya isa Sakkwato a 1891, ya wuce Kano, ya kai Kukawa, ya ƙetare Sahara ya fita ta Tarabulus. Labarin da ya kai gida ya tayar da hankalin Faris: babu wani Bature ɗan Ingila da ke da iko a ƙasar Hausa, kuma akwai manyan ƙasashe a arewa da ba sa bin Sakkwato ko kaɗan. Daga nan aka shiga tsere, har sojojin ƙasashen biyu suka kusa gwabzawa a Borgu.

Yarjejeniyar 14 ga Yuni, 1898 ta zo don ta kashe wannan wutar. A nan ne aka yi abin da har yau yake ba mai karatu mamaki: aka kafa tsinin kamfas a tsakiyar birnin Sakkwato, aka zana baka mai nisan mil 100 ta arewa, aka ce duk abin da ke cikinta na Ingila ne. Daga ƙarshen bakar layin ya miƙe gabas mil 70, ya sauko kudu, ya sake miƙewa mil 250. Da wannan lissafi Damagaram, Tasawa da Tawa suka zama na Faransa, amma Ƙonni, Madawa, Tsibiri da Maraɗi suka zauna ɓangaren Ingila.

Masu ƙasar ba su san ana yi ba. A watan Mayun wannan shekarar Sarkin Damagaram Amadu Kuren Daga ya sa aka kashe Kyaftin Cazemajou a Zinder. Shekara ta zagayo, rundunar Voulet da Chanoine ta taso daga yamma tana ƙona gari tana rataye mutane. Sarauniya Mangu ta tare su a Lugu. A watan Mayun 1899 suka afka wa Birnin Ƙonni, suka yi kisan da har yau jikokin waɗanda suka tsira ke ba da labarinsa. Kuma a takarda garin nan na Ingila ne a ranar da aka yi masa wannan ta'asa, babu kuwa wanda ya zo daga Ingila ya ce uffan. A ƙarshen Yuli ragowar rundunar ta ci Damagaram a Tirmini. Ingila ba ta shiga Kano ba sai Fabrairun 1903, Sakkwato kuma a watan Maris.

Rijiya ce ta yanke hukunci

Da Faransawa suka zo zama, sai suka tarar taswirar 1898 ta ɗaure su. Suna da Kwara a yamma, suna da Zinder a gabas, amma hanyar da ke haɗa su mai ruwa da abinci ta bi ta Ƙonni da Gulbin Maraɗi, wato ta cikin rabon Ingila. Dole ayarinsu ya zagaya bayan bakar nan, ta Filinge da Tawa, ya ratsa daji mai kwanaki babu rijiya. Da rani jakai da raƙuma na mutuwa a hanya, 'yan dako da aka kamo da ƙarfi suna gudu da dare. Hafsoshinsu suka yi ta rubuta wa Faris cewa in ba a samu hanya mai ruwa ba, riƙon Zinder ba zai ɗore ba. Abin da Cambon ya je nema ke nan a Landan, ya kuma samu.

Daga 1906 zuwa 1908 Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasar suna kafa alamomi 148. Umarnin da aka ba su ya ce a yi la'akari da yadda ƙasashen suke a rabe, mutanen Tasawa da Maraɗi da Damagaram su zauna wajen Faransa. Don haka suka riƙa zama da sarakuna da dagatai ana tambaya: wannan gari wa yake kai wa gaisuwa, wa ya sari dajin, wa ya haƙa rijiyar? Tafintan Faransawa, Landeroin, ya rubuta tarihin da dattawa suka ba shi, kuma masana na amfani da shi har yanzu.

A nan ne nake rabuwa da maganar da muke yawan yi a majalisa, cewa mu abu ɗaya ne Turawa suka zo suka raba. Harshe ɗaya ne, auratayya ɗaya, kasuwa ɗaya. Wannan gaskiya ne. Amma a tsakiyar layin, Turawa sun tarar da iyaka ce da jini ya riga ya shata. Bayan jihadi ya ci Katsina, jinin sarautar Haɓe suka yi arewa, Ɗan Kasawa ya kafa mulki a Maraɗi wajen 1819. Gobirawa, bayan an karya su a Gawakuke a 1836, suka kafa Tsibiri. Damagaram kuwa tun asali ta Barno ce, a zamanin Tanimu ta ƙera igwa ta zama daula mai cin gashin kanta, kuma Kuren Daga ya kai yaƙi har kusa da Kano. Shekara tamanin ana kai hari ana kama bayi tsakanin Maraɗi da Katsina. Sunan Sarkin Maraɗi Ɗan Baskore kaɗai ya isa ya watsa ƙauye. Tsakaninsu akwai daji da aka bari ba kowa don tsoro. Inda layin ya yi zalunci ƙarara shi ne wurare irin Ƙonni, wadda ke bin Sakkwato amma aka ba Faransa ita saboda rijiyoyinta, da Gobir, wadda aka tsaga biyu, Tsibiri can, Sabon Birni nan.

Da an ƙi cinikin

To, a ɗauka Landan ta ce a'a, ta biya Faransa da wani abu dabam. Abu na farko da zai faɗa kan teburin Gwamna Lugard shi ne yadda zai yi da Sarkin Katsinan Maraɗi, mai cewa gadon Katsina nasa ne. Akwai misalai biyu a gabanmu. A Daura Ingilishi sun ɗauko Malam Musa daga Zango a 1906 suka mayar da tsohon gidan sarauta kan karagarsa, suka kuma bar Sama'ila na Argungu da sandarsa. A Sabon Birni kuwa sun mayar da Sarkin Gobir hakimi a ƙarƙashin Sakkwato. A wannan shekarar ta 1906 suka tuɓe Sarkin Katsina Yero suka naɗa Durɓi Muhammadu Dikko. Da Maraɗi na hannunsu a lokacin, ba abin mamaki ba ne wani Razdan ya kawo shawarar a yi wa Katsina irin ta Daura. Ina ganin da wuya su yi. Katsina ta fi girman a yi mata wannan gwaji, kuma Ingilishi na bukatar yardar Sakkwato bayan tashin Satiru. Abin da ya fi kusa shi ne Maraɗi ta zama ƙaramar masarauta mai sanda kamar Gumel, Tsibiri kuma a haɗa ta da Sabon Birni a miƙa wa Sarkin Musulmi. Gobirawa da sun samu haɗuwa, amma a ƙarƙashin gidan da kakanninsu suka yi shekaru suna yaƙa.

Ta fuskar arziki kuwa maganar a fili take. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, gyaɗa ta zama kuɗi, aka miƙa dogo zuwa Ƙauran Namoda da Nguru. Gyaɗar Maraɗi da Magarya ma ta Kano take fita, sai a shekarun 1950 Faransa ta shirya jigilarta da motoci zuwa Parakou da Kwatano don ta raba ta da Nijeriya, ko da hanyar ta fi tsawo. Da babu iyaka, reshen dogo daga Kano ta Katsina zuwa Maraɗi abu ne da 'yan kasuwar gyaɗa da kansu za su nema tun kafin yaƙin Hitila. Sai dai kuma a tuna cewa yawancin dukiyar Alhazan Maraɗi iyakar ce ta haife ta: bambancin sefa da naira, kayan da aka hana shiga nan aka halatta can, atamfa da taba da shinkafa da ake saukewa a Maraɗi su kwana a Jibiya. Maraɗin da ke cikin Nijeriya za ta iya zama gari irin Gusau ko Funtuwa, mai rufin asiri, amma ba ɗaya daga cikin manyan biranen wata ƙasa ba.

Babbar asara ta Faransa ce, domin ba na jin za a samu ƙasa mai suna Nijar. Yau Zinder, Maraɗi da Tawa su ne jihohi uku mafi yawan jama'a a ƙasar, kuma gefen kudun nan shi ne rumbun geronta da wakenta. A cire shi, sai a bar Zabarmawa a bakin Kwara da Damagaram can gabas, babu abin da ya haɗa su sai hanyar da ba ruwa. Mai mulki a Dakar zai liƙa yamma da Dahome ko Haute-Volta, ya bar Zinder da Agadas su bi Fort-Lamy, wato Njamena ta yau. Da haka ta faru, da uraniyom na Arlit na Chadi ne, da Hausar Damagaram ita ce harshe na biyu a kasuwannin Njamena, da kuma Yamai ba ta zama babban birni a 1926 ba.

A siyasar Nijeriya ma da an ji ɗuminsu. Maraɗi da Tasawa da Zinder su ne suka fi ba Sawaba ta Djibo Bakary baya, kuma bayan an haramta jam'iyyar a 1959 'ya'yanta da yawa a Kano suka samu mafaka wajen 'yan NEPU. Mutanen da tarihinsu ya ginu kan ƙin bin Sakkwato, da wuya su yi layi a bayan Sardauna, tattaɓa-kunnen Sarkin Musulmi Bello. Da Malam Aminu Kano ya samu ƙasa guda da ba Ɗandoka ne kaɗai ke yanke wa talaka wanda zai zaɓa ba.

Ɗaya hannun

Akwai wani zato da ba a cika yi ba, wato Faransa ce ta ci duka. Ba ta yi nisa da haka ba. Monteil ya riga sojojin Ingila shiga Sakkwato da Kano da shekara goma sha biyu, kuma daga Zinder zuwa Kano tafiyar 'yan kwanaki ce. Abin da ya ɗaure mata hannu shi ne yaƙin Samori, wanda ba a kama shi ba sai Satumban 1898, da kunyar da ta sha a Fashoda a ƙarshen shekarar. Yadda za ta yi da daular Usmaniyya kuwa ana iya hangowa daga Segu, inda ta rusa mulkin Amadu ɗan Alhaji Umaru har ya yi hijira ya rasu a ƙasar Sakkwato, da kuma Zinder, inda a 1906 ta zargi Sarki Amadu ɗan Bassa da makirci ta kore shi zuwa Kwaddibuwa, sarautar ba ta dawo ba sai 1923. Gaskiya ta bar lamiɓe a arewacin Kamaru da Mogho Naba a Wagadugu, amma Sarkin Musulmi mai faɗa a ji daga Gwandu har Adamawa ba abin da Kumandan zai zauna da shi ba ne. Da an daddatsa Kano kantuna-kantuna, da babu En'e mai baitulmali da kotun alƙali da gidan yari. Kuma tun da lakwal ɗin Faransa Faransanci kaɗai take koyarwa, da babu hukumar talifi ta Zariya, babu Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, da Abubakar Imam wataƙila da Faransanci zai yi suna. Ajami da ya ci gaba da rayuwa a zaurukan malamai, amma wannan rubutun boko da kake karantawa da bai kai inda ya kai ba.

Ƙofar talaka

Duk wannan lissafin sarakuna ne da 'yan kasuwa. Abin da ya fi damuna shi ne manomin da ke Ɗan Isa ko Illela, kuma a kansa ne nake ganin masu burin a ce ƙasar Hausa ta faɗa hannu ɗaya suke mantuwa da wani abu. Iko biyu da ba sa ga maciji ya bar wa talaka ƙofa. A shekarun da Faransa ke kama mutane aikin tilas da soja, da dokar da ta ba Kumandan damar ɗaure mutum ba shari'a, wadda ba a soke ba sai 1946, gidaje sukan kwashe da dare su ƙetara Ingilishi. Akwai ƙauyuka a arewacin Katsina da Daura da Sakkwato da wannan gudu ne ya cika su. Da hakimi ya matsa da haraji da jangali a wannan ɓangaren, ko aka zo ɗibar mutane haƙar kuza a Jos lokacin yaƙin duniya na biyu, sai a juya a yi Faranshi. Kowane Bature ya san in ya ƙuntata da yawa, masu biyan harajinsa za su koma littafin abokin gabarsa, kuma wannan tsoro ya sassauta hannun da tausayi bai sassauta ba.

Ƙofar tana aiki har yau. Tun 2019 dubban mutane daga Sabon Birni, Isa da maƙwabtansu suka tsere wa 'yan bindiga suka shiga yankin Gidan Runji a jihar Maraɗi, inda 'yan'uwansu Gobirawa suka buɗe musu zaure. A taswirar 1898 duk wannan yanki gwamnati ɗaya ce za ta riƙe shi, kuma in ta kasa, ta kasa ke nan a ko'ina.

Shi ya sa masifar iyakar nan ba ta cika bayyana ba sai ranar da aka rufe ta. An rufe daga 1984 zuwa 1986, a daidai lokacin fari, har mutanen Nijar suka laƙa wa yunwar shekarar sunan shugaban Nijeriya na lokacin. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Yulin 2023 a Yamai aka rufe a karo na uku, aka yanke wuta. Wanda ya san kasuwar Maigatari ranar Alhamis ya san abin da hakan ke nufi: karar shanu da raƙuma da ke cika da dabbobin Damagaram ta yi fayau, dillali na zaune a kan benci ba la'ada, ɗan canji na juya sefa ba mai saye, mai kai amarya Magarya sai ya biya ɗan acaɓa ninki ya bi ta gonaki. Gulbin Maraɗi kuwa, wanda ke tasowa daga ƙasar Katsina ya shiga Nijar ya sake dawowa ya zuba a Rima, bai tsaya wa kwastan ko duwan ba.

Da aka fara maganar tura soja a watan Agustan 2023, sanatocin Arewa suka fito suka ce ba da yawunsu ba, suna lissafa jihohi bakwai da ke jingine da Nijar: Kabi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Barno. Malamai da sarakuna suka yi ta zirga-zirga tsakanin Abuja da Yamai. Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a watan Maris 2024, Nijar kuma ta fice daga ECOWAS a Janairun 2025, wanda ke nufin 'yancin wucewa da katin shaida ya koma abin da gwamnatoci biyu za su iya bayarwa ko su janye. A gefe guda kuma ana shimfiɗa dogo mai tsawon kilomita 284 daga Kano ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi, kuma tun ranar da aka ƙaddamar da shi wasu 'yan siyasar kudu ke tambayar dalilin da Nijeriya za ta ci bashi ta kai jirgi wata ƙasa.